Yadda ake shirya ranar awon ƙiba, hawan jini da suga a unguwa

Tambaya ɗaya ke ta dawo mana daga shugabannin matasa, malaman Islamiyyar matan aure, zumuntar mata ta coci da 'yan kwamitin masallatai, daga Gangare har Rikkos da Unguwar Rogo a garin Jos: muna so mu yi wa mutanenmu awo, ta ina za mu fara? Dalilin tambayar a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙiba, binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Hawan jini da ciwon suga na bin ƙiba a baya, kuma sukan yi shekaru a jiki ba a sani ba.

Ga tsarin aikin daki-daki, an yi shi ne da lissafin mutum 100 a safiya ɗaya.

1. Ku samu ma'aikacin lafiya da wurin turawa tukuna

Kafin a sayi ko batir ɗaya, wakilai biyu su je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa su ga shugaban wurin. Abu uku ake nema: nas ko jami'in lafiyar al'umma aƙalla ɗaya da zai tsaya tun farko har ƙarshe, ranar da asibitin zai karɓi waɗanda aka turo, da amincewarsu a rubuce. Daga nan sai a kai takarda sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma sanar da mai unguwa. Idan akwai kwamitin raya mazaɓa da ke aiki da asibitin, ku bi ta hannunsa, ya fi sauri.

Gargaɗi: idan babu wurin turawa, a ɗage taron. A gaya wa dattijo jininsa ya kai 170 sannan a sallame shi ba tare da an ce ga inda zai je ba, an ɗora masa fargaba ne kawai. Sau da yawa daga nan sai kemis, a haɗa masa ƙwayoyi da ka.

2. Rana, wuri da sanarwa

Safiyar Asabar ce ta fi dacewa a Jos, tunda Juma'a da Lahadi kowa da inda ya nufa. A fara ƙarfe 7:30 a tashi kafin azahar. A damina ruwa ya fi sauka da rana zuwa yamma, don haka safiya ta fi aminci. A lokacin hunturu kuwa, wato Disamba da Janairu, dole a samu ɗaki mai ƙofa, domin mutane za su cire rigunan sanyi, kuma sanyi kansa yana ɗan ɗaga jini. Kada a sa ranar cikin azumi.

Makarantar firamare ko Islamiyya ta fi rumfa a bakin titi. Ana bukatar aji biyu, na maza da na mata, da daɓen siminti sumul ba gargada. Awon ƙugu sai an ɗaga riga, kuma babu matar da za ta yi haka a gaban jama'a.

Sanarwa ta fita mako biyu kafin ranar, ta bakin limamai da fastoci da kuma zaurukan WhatsApp. Kada a kira shi "awon masu ƙiba", ba wanda zai zo. A ce awon lafiya ne kyauta ga duk wanda ya kai shekara 18. A raba katin lamba 100 kacal. Dalili shi ne teburin hawan jini: na'ura ɗaya ba ta wuce mutum 12 a awa idan ana yi yadda ya kamata, biyu kuma 24, a awa huɗu kusan 100 ke nan. Wanda bai samu kati ba a rubuta sunansa a zagaye na gaba.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abin da ake bukata:

Sikelin tsayawa mai lamba guda 2, wanda ke ɗaukar aƙalla kilo 150, in an samu mai 180 ya fi.
Tef ɗin tela guda 6, sababbi. Tsohon tef ya miƙe, yana rage santimita.
Na'urar awon jini ta damtse guda 2, kowace da ɗamara biyu, matsakaiciya da babba.
Na'urar awon suga 1 ko 2, da tsinken gwaji gwangwani 3 masu 50-50.
Allurar huda yatsa kwali 2, safar hannu, auduga, sifirit, kwalin zuba allura, sabulu da bokitin famfo.
Batir na ajiya, kalkuleta ko waya, littafin rajista, katin sakamako 120, da ƙaramin katako ko littafi mai kauri na awon tsayi.

Sikeli da na'urorin awon jini ana iya arowa daga asibitin ko wurin 'yan ƙungiya, tunda gidaje da yawa yanzu suna da su. Abin da ba a arowa shi ne wanda ke ƙarewa, kuma tsinken gwajin suga ne zai ci kaso mafi girma na kuɗinku. Farashinsa na tafiya da dala, don haka ku tambayi shaguna uku na masu sayar da kayan asibiti a cikin gari a makon da za ku saya, ku raba kuɗin gwangwani gida 50, ku san abin da gwajin mutum ɗaya ke ci. Idan aljihu bai kai ba, a taƙaita gwajin suga ga 'yan shekara 40 zuwa sama da waɗanda ƙugunsu ya wuce iyaka. A ware kuma kuɗin motar ma'aikatan lafiya, kuɗin buga kati, da na keke ko mota ɗaya da za ta tsaya a ƙofa saboda ko-ta-kwana.

Gargaɗi: kowace na'urar suga da irin tsinkenta. Ku tafi shago da na'urar a hannu, ku duba ranar lalacewa a jikin gwangwani. Na'urar awon jini ta wuyan hannu kuma a bar ta a gida, lambarta na sauyawa da ɗan motsin hannu.

4. Gwaji kwana ɗaya kafin taro

Masu aikin sa-kai 10 sun isa: biyu a rajista, biyu-biyu a awon jiki ɓangaren maza da mata, biyu a hawan jini, biyu masu tsara layi. Ranar Juma'a da yamma su taru su auna juna. Mutum biyu su auna ƙugun mutum ɗaya kowa daban. Idan bambancin ya wuce santimita 1, a sake koyo. Sikeli biyun ma a gwada su da jarkar ruwa ɗaya: lita 20 na ruwa kilo 20 ne, sai ɗan nauyin jarkar. Idan sikelin biyu sun saɓa da fiye da rabin kilo, a cire wanda ya kauce.

Jerin tebura shi ne rajista, nauyi da tsayi, ƙugu, bencin hutawa, hawan jini, suga, sannan shawara. A kan katin mutum ake rubuta sakamako, ba a faɗa da ƙarfi. Duk ɗan sa-kai da aka ji yana cewa "kai, Hajiya, kin kai buhu biyu" a canza masa aiki nan take, ya koma tsaron layi. Wasa ɗaya irin wannan ya isa ya hana matan layi guda zuwa zagaye na biyu.

5. Nauyi da tsayi

A ɗora sikeli a kan siminti, ba kan tabarma ko darduma ba. A jira ya nuna sifili. Mutum ya cire takalmi, rigar sanyi, babbar riga, ya zazzage aljihu: waya, makullai, damin kuɗi. Ya tsaya a tsakiya, hannuwa a sake, ido na kallon gaba. A rubuta har da ɗigo, misali 82.4.

Don tsayi, a manna tef a bango miƙe, sifilinsa a daidai daɓe. Mutum ya jingina, diddige da ɗuwawu da kafaɗu na taɓa bango, haɓa ba a ɗage ba. A ɗora katakon a kansa, gefensa ɗaya manne da bango, a karanta ƙasan katakon.

Gargaɗi: hula, ɗaurin ɗankwali da tulin kitso su ne ɓarayin wannan mataki. Matar da tsayinta santimita 160 ne, nauyinta kilo 80, lissafinta na nauyi da tsayi (mataki na 6) 31.3 ne. Idan aka bar ta da ɗauri da takalmi aka rubuta 165, lissafin ya koma 29.4, ta fita daga rukunin masu ƙiba. A ɓangaren mata a roƙe su su sauke ɗauri, hijabi mara kauri ba ya hana komai idan an danna katakon a hankali.

6. Lissafin BMI

BMI lamba ce da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsayinsa. A mayar da tsayi zuwa mita, a ninka shi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Mai tsayin 160 da kilo 82: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 82 da 2.56, an samu 32. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 ƙiba ce, daga 40 kuma mai tsanani.

Don kada layi ya tsaya, a rubuta wannan a kwali a manna kusa da sikeli. Lamba ta farko ita ce inda nauyi ya fara wuce kima, ta biyu inda ƙiba ta fara:

Tsayi 150: kilo 56 da kilo 68
Tsayi 155: kilo 60 da kilo 72
Tsayi 160: kilo 64 da kilo 77
Tsayi 165: kilo 68 da kilo 82
Tsayi 170: kilo 72 da kilo 87
Tsayi 175: kilo 77 da kilo 92
Tsayi 180: kilo 81 da kilo 97

Gargaɗi: ba a yi wa mai ciki wannan lissafi, haka mai jegon da ba ta daɗe da haihuwa ba. Ɗan dako ko mai ɗaga ƙarfe zai iya kai 27 ba tare da kitse ba, tsoka ce. Wanda ƙafafunsa suka kumbura kuwa, a danna yatsa a ƙwaurinsa na daƙiƙa biyar. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ne, kuma yana iya zama maganar zuciya ko ƙoda ko hanta. A kai shi teburin nas kai tsaye.

7. Awon ƙugu

Idan da za a ce ku zaɓi awo ɗaya ku bar saura, wannan za mu ce ku riƙe. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba. Akwai mazan da za ka gani da siraran ƙafafu da hannuwa, lissafin BMI ɗinsu 24, amma tumbi ya yi gaba. Sikeli zai wanke su, tef ne zai kama su. Irin su sun yi yawa cikin direbobi, masu zaman shago da ma'aikatan ofis.

Yadda ake yi: mutum ya tsaya, ƙafafu kusa da juna, hannuwa a sake. A ɗaga riga, ko a bar shimi mara kauri. Mai awo ya laluba ƙarshen haƙarƙari na ƙasa a gefen jiki, ya laluba saman ƙashin kwatangwalo, ya nemi tsakiyarsu. Nan tef zai zagaya, a kwance daidai ta gaba da ta baya. A ce wa mutum ya yi numfashi yadda ya saba, a karanta lokacin da ya saki iska. Tef ya kwanta a fata amma kada ya nutse. A auna sau biyu.

Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya fara, daga 102 ya yi yawa. Ga mace, 80 da 88. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙi da kowa zai iya tafiya da ita gida: ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Mai tsayin 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Wanda bai iya karatu ba a yanka masa zare daidai tsayinsa, a ninka biyu, a ba shi. Ranar da ninkakken zaren ya zagaye cikinsa bakin ya haɗu, ya san ya iso.

Kurakuran da ake yi a nan guda uku ne. Maza na miƙo lambar wandonsu, alhali wandon a ƙarƙashin tumbi yake zaune. Mutane na shanye ciki da zarar tef ya taɓa su, maganinsa a ja su da hira: "Baba, yaya kasuwa?" Ba a iya amsa gaisuwa ciki a shanye. Na uku, a auna a kan zani mai ninki uku da ɗamarar ciki. Mace ce za ta auna mace, a bayan labule, ta ce, "Mama, ku ɗan sassauta zanin, minti ɗaya ne." Cibiya kuma ba ma'auni ba ce ga mai teɓa, domin tana sauka ƙasa.

8. Hawan jini

Mutum ya zauna a benci minti biyar cur kafin a taɓa shi. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha kofi ko sigari cikin rabin awar da ta wuce. Idan e, ya jira. Mai jin fitsari ya je ya dawo. Zama a kujera mai jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. A zare hannun riga gaba ɗaya, kada a naɗe shi ya shaƙe damtse. Ba magana, ba waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka.

Gargaɗi: girman ɗamara shi ne babban tarko a taron da ya shafi ƙiba. Matsakaiciya ta damtsen da bai wuce santimita 32 ba ce. Idan aka matsa ta a babban damtse, na'ura za ta ba da lamba sama da gaskiya, a ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi. A ajiye tef a teburin, duk damtsen da ya wuce 32 a sa masa babba.

Na'urar lamba biyu take nunawa. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. Amma awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a wata rana a asibiti. Ɗan sa-kai ba ya cewa "kana da hawan jini". Abin da zai ce shi ne, "Yau ya ɗan hau, ga takarda, a sake dubawa ranar Talata."

9. Suga

Ma'aikacin lafiya ne kaɗai ke huda yatsa. Allura ɗaya mutum ɗaya, daga yatsa sai kwali. Ciwon hanta nau'in B na bin jini, kuma sake amfani da allura ko abin harba ta hanya ce da aka san yana yaɗuwa. Kowa ya wanke hannu da sabulu ya bushe, domin ɗan zaƙin mangwaro ko rake a yatsa na iya ɗaga lamba sosai. A hunturu yatsu kan ƙi ba da jini, a sa mutum ya murza tafukansa su yi ɗumi maimakon a matse yatsan da ƙarfi.

A tambayi kowa yaushe ya ci abinci, a rubuta. Wanda ya kwana awa takwas bai ci komai ba, daga 126 zuwa sama abin turawa ne, 100 zuwa 125 kuma gargaɗi ne. Wanda ya riga ya karya, daga 200 ake turawa. Wasu na'urorin da ƙananan lambobi suke magana: 7.0 daidai yake da 126, 11.1 daidai da 200. A ninka ƙaramar da 18 a samu babbar. Ku san yaren na'urarku tun ranar gwaji.

Gargaɗi: a cikin sanarwa a faɗa cewa mai shan maganin suga ko mai allurar insulin ya karya kamar kullum. Idan ya sha magani ya zo ya yi awa biyu a layi ciki wayam, suga zai faɗi. Alamarsa gumi, rawar jiki da ruɗewa, lamba ƙasa da 70. A ajiye suga da ruwa a teburin nas saboda haka.

10. Teburin shawara

Nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, kuma nan aka fi yin sakaci, domin kowa ya gaji. A sa wanda ya fi kowa iya magana da manya. A tuna cewa a wurinmu wanda ya murje "hutu ya karɓe shi" ake cewa, wanda ya rame kuma a bi shi da tambayar ko lafiya. Amarya idan ba ta yi kumatu ba dangi su ce mijin ba ya kula da ita. Wanda ke zaune gabanka ya shekara 20 ana yaba masa wannan jikin. Don haka a fara da abin da ke damunsa: gwiwar da ke hana shi sallah a tsaye, haki idan ya hau tudun unguwa, minsharin da ke sa ya farka a gajiye. Sai a nuna masa alaƙar.

Buri a sa shi ƙarami. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taɓa jini da suga. Mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan, a cikin wata shida, wato ƙasa da rabin kilo a mako. Kada a ba mutum dokoki goma. A tambaye shi abin da ya ci jiya tun safe har dare, a zaɓi abu biyu.

Yawanci abin sha ne na farko. Kwalbar lemo baƙi ta roba mai santilita 50 na ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 13. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba a yini kusan cokali 12 ce, ta ce 6 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini ke nan, ba a zo kan shayin safe mai madarar gwangwani ba, balle kunun zaƙi, zoɓo da furar da aka zuba wa suga da ludayi. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya ma sahunsu ɗaya. A zuba cokali 13 na suga a farar leda a ajiye a teburin kusa da kwalbar. Ya fi dogon bayani aiki.

Na biyu mai ne. A daina tuttulawa daga galan, a auna da cokali. Masa, ƙosai, awara, fanke da soyayyen dankali kullum safe, a mayar da su sau biyu a mako. Na uku girman malmala: mai cin biyu ya koma ɗaya da rabi, daga baya ɗaya, a ƙara miya da ganye. A nan mutanen Jos ba su da uzuri, kabeji, karas, koren wake, latas da kokwamba ga su nan a kasuwar Farin Gada da araha fiye da yawancin garuruwa. Rabin faranti ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama. Gwaten acca mai ganye da yawa abinci ne mai kyau, amma a faɗa wa masu suga gaskiya: acca ma hatsi ce, idan aka cika kwano da ita za ta ɗaga suga. Gishiri kuma ƙaramin cokali ɗaya ne a yini, wato giram 5, har da wanda ke cikin dunƙule da garin ɗanɗanon taliyar leda.

Motsa jiki minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mai ciwon gwiwa ya raba ta goma-goma. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida bayan kowane cin abinci.

Gargaɗi: a tambayi kowace mace, a asirce, ko tana shan maganin ƙara jiki, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska da ciki, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada a ce ta daina rana ɗaya, hakan na iya kayar da ita, likita ne zai janye mata a hankali. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a intanet kuma, da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitsen na nan.

11. Wa za a tura, kuma yaushe

Nan take, a motar da ke ƙofa: wanda jininsa ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa bayan an maimaita, musamman da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani. Haka wanda bakinsa ya karkace, harshe ya yi nauyi ko hannu ɗaya ya saki. Haka wanda na'urar suga ta nuna masa HI, wato sugan ya wuce abin da take iya karantawa, ko lamba mai yawa tare da amai da galabaita. Waɗannan babban asibiti za a nufa da su, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato ko Jankwano, wanda ya fi kusa. Mai ciki da ta kai 140 ko 90 ita ma ranar za ta ga likita.

Cikin mako guda: jini daga 140 ko 90, suga da ya kai iyakar da aka faɗa, BMI daga 35, ko daga 30 tare da wani ciwo. Wanda ya rame ba dalili, yana yawan fitsari da ƙishirwa, shi ma a tura shi ko da lissafinsa ya yi kyau. Takardar turawa ta ɗauki lambobin da aka samu, kwanan wata da sa hannun nas. Ba a raba magani a wurin taro, ko da wani mai hali ya kawo kwali kyauta. Wanda ke kukan kuɗin magani a nuna masa yadda ake rajistar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA.

12. Bibiya

Littafin rajista ya kwana a hannun mutum ɗaya ko a asibitin, kuma ba a ɗaukar hotonsa a tura zaure. Bayan mako biyu a kira duk wanda aka tura, tambaya ɗaya: an je? Wanda bai je ba a ji dalili. In kuɗin mota ne, ƙungiya ta san abin yi. In tsoro ne, a haɗa shi da wanda ya je ya dawo.

Shugabanni kuma a kai musu jimla ba suna: mutum nawa aka auna, nawa ƙugunsu ya wuce iyaka, nawa aka tura. Da wannan takarda ake neman abin da mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Kwamitin masallaci ko coci ya amince a riƙa ajiye ruwa a walima da taron suna maimakon kiret-kiret na lemo. Shugaban makaranta ya buɗe fili da asuba ko bayan la'asar don mata su yi tafiya rukuni-rukuni. Maza su sa lokacin tattaki bayan sallar asuba. A ajiye sikeli ɗaya da na'urar awon jini ɗaya wurin amintaccen mutum, a riƙa buɗewa Asabar ɗin farko ta kowane wata.

Zagaye na biyu bayan wata uku ne, da sikelin da aka yi na farko da shi, a irin lokacin, kuma in zai yiwu wanda ya auna ƙugun mutum a farko shi zai sake. Kowa ya zo da katinsa. A rubuta sabuwar lamba a ƙarƙashin tsohuwa, a fara duba ƙugu kafin nauyi, domin wanda ya fara tafiya sau da yawa tef kan nuna ragin santimita biyu ko uku alhali sikeli bai gusa ba tukuna. Waɗanda aka rubuta sunansu ba su samu kati ba a karon farko, su ne lamba 1 zuwa 30 a wannan karon.